Ƙaramar Tarakta a Ƙasar Albasa: Me Take Iyawa, Me Ya Fi Ƙarfinta?

 

Sharhinmu na yau a kan ƙarfe yake. Ƙananan taraktocin nan da ake ƙara gani a bakin hanya da cikin garake, waɗanda duk mai ɗan abin hannu ke ƙyalla ido a kansu yana cewa, da na samu wannan da na huta da bin ƴan ƙwadago. Tambayar da ake yawan yi biyu ce: suna da ƙarko kuwa? Kuma wane aiki suke iyawa? Ni a ganina tambaya ɗaya ce aka raba biyu. Galibin injin da ake yi wa shaidar rashin ƙarko, ko dai an sa shi aikin da ba nasa ba, ko kuma an kawo shi garin da babu mai iya buɗe cikinsa.

Bari mu fara rarrabewa, don sunan tarakta ya lulluɓe abubuwa uku da ba abin da ya haɗa su sai taya. Akwai mai taya biyu, wadda mutum ke tafe bayanta yana riƙe da ƙahonninta, malaman gona na ce mata motokultar. Mafi yawan masu zuwa ƙasashenmu ƙirar Sin ne, injin gazwal mai fistan ɗaya, ƙarfin doki 12 zuwa 15. Akwai ƙarama mai taya huɗu, doki 20 zuwa 35, irin su Kubota da Yanmar na Japan, ko Mahindra da Sonalika na Indiya. Wannan tarakta ce cikakkiya, ƙanƙanta kawai aka yi mata: tana da hannuwan ɗaga garma a baya, tana da sandar da ke juya kayan aiki. Sai ta ukun, wadda saboda ita nake roƙon ku kasa kunne da kyau. An ƙera ta ne a Amurka da Turai don aske ciyawar ƙofar gida. Ga kujera, ga sitiyari, ga fenti mai ɗaukar ido, a jikinta an rubuta doki 18 ko 20, tana shan esansi. Idan ta faɗo cikin kayan gwanjo sai ka ji farashinta ya yi daɗi. Amma jikinta falle ne, bel ke jan ta, akwatin giyarta kuma ba a yi shi don jan garma ba. Wannan, ranka ya daɗe, ba ta noma. Iyakarta ta ja ƴar kura mara nauyi a fili mai laushi. Wanda ya sa ta kaftun laka, bai daɗe zai ji ƙaurin bel.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne tsayawa kan lambar dokin da aka rubuta a jiki. Doki nawa ce? Shi ke nan tambayar. Alhali abin da ke jan garma cikin ƙasa nauyin tarakta ne da kamun tayarta. Inji ya yi ta ruri, in dai jikin ba nauyi, taya za ta tsaya wuri ɗaya tana juyawa tana haƙa wa kanta rami. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Mai askin ciyawar nan da ke taƙama da doki 20, ƙarti huɗu sai su ɗaga ta cak. Massey Ferguson 375 da muka saba gani, mai doki 75, nauyinta ya haura tan 2. Ba wai ƙanƙanta ce laifi ba. Ferguson TE20 da aka fara ƙerawa a Ingila a 1946 ba ta kai doki 30 ba, amma an ƙera sama da 500,000 cikin shekara 10, ta kuma kori dawakin noma daga gonakin Turai da yawa. Dabararta tana wurin maɗaurin garma da Harry Ferguson ya ƙirƙiro, wanda ke mai da nauyin garma da turjiyar ƙasa kan tayoyin baya, su ƙara kama ƙasa. In za ka sayi mai taya huɗu, zagaya bayanta ka duba: in babu waɗannan hannuwa uku, ba tarakta ba ce ta noma.

To, a nan ƙasarmu Nijar, ina ne gidan ƙaramar tarakta? Fadama da garka. Galmi tana cikin ƙaramar hukumar Dogarawa, kuma sunanta ne jar albasar nan ke ɗauke da shi har kasuwannin Akara da Kumasi da Abijan. Filin ban-ruwa na Galmi ya kai wajen hekta 250. Na Ƙonni, wanda aka gina daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, ya haura hekta 2,400, yana shan ruwan kogin Majiya daga madatsun Mozage da Zango, aka kuma sake gyara shi da kuɗin Amurka bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 2016. Hukumar ONAHA, da aka kafa a 1978, ita ke kula da irin waɗannan filaye. Amma duk faɗin nan da kuka ji, rabon mutum ɗaya a ciki galibi bai kai hekta guda ba, kuma kewaye yake da magudanan ruwa. Babbar tarakta in ta shiga, rabin lokacinta a juyi yake ƙarewa, ta danne ƙasa a kusurwa, wani lokaci ta fasa bakin magudana a bar manomi da rigima da maƙwabta. Mai taya biyu kuwa, da katako biyu sai ta tsallake magudana, ta juya a inda jaki ke juyawa.

Aikin da ta fi ƙwarewa a kai shi ne farfasa ƙasa da wuƙaƙenta masu juyawa, zurfin santimita 10 zuwa 15. Albasa ba ta neman fiye da haka, saiwarta ba ta nisa. In ƙasa ta jiƙu daidai, direba kuma ya san hannunsa, mai doki 12 na iya kusantar hekta ɗaya a yini, tana shan wajen lita 2 na gazwal a awa. Shanun huɗa biyu sai sun yi kwana uku ko huɗu a kan wannan. Kalme kuwa kun fi ni sanin abin da yake yi wa ƙugu. Kuma ku lura da lokacin da ake wannan aiki: daga kaka zuwa shigar sanyi, ga girbin hatsi bai ƙare ba, ga irin albasa ya isa dashe, ga samari sun ɗaura jaka sun tafi bida. Wanda ya riga dasawa shi ke riga kai albasa kasuwa kafin ta cika ta faɗi. Ribar inji a nan ba hutun jiki kaɗai ba ce, kwanaki ne ake saya.

Sharaɗin dai shi ne wanda na faɗa: in ƙasa ta jiƙu daidai. Lakar Majiya in ta bushe ta tsage, dutse ce. Sa mata wuƙaƙen motokultar a haka, injin zai yi ta tsalle yana fizgar direba, wuƙaƙe su karye, sarƙar cikin akwati ta saki. A ba fili ruwa, a bar shi ya sha iska har ƙasa ta daina manne wa hannu, sannan a shiga. In kuma an yi gaggawa aka shiga tana caɓi, an yi kwaɓin bulo ne, ba kaftu ba. Wani abin da ba a cika faɗi ba: shekara da shekaru ana farfasa ƙasa a zurfi ɗaya, ƙarƙashin wurin sai ya daskare ya hana ruwa nutsewa. Lokaci-lokaci fili na son garma mai shiga ƙasa sosai, ta shanu ko ta babbar tarakta.

Bayan kaftu, aikin da ya fi biyan kuɗin ƙaramar tarakta shi ne dako. Mai taya biyu da tirelarta tana ɗaukar wajen tan ɗaya a hanya mai kyau, wato manyan buhunan albasa takwas ko tara, daga garka zuwa rudun ajiya ko zuwa bakin kwalta inda manyan motoci ke lodi. Taki daga gida zuwa gona, kara, bulo, ruwa a tano, duk nata ne. Injin nata kuma, da yake bel ke fita daga gare shi, ana iya ɗaura masa famfon ban-ruwa, ko injin sussuka, ko na niƙa. Wanda ya saya don kaftu kaɗai, wata biyu zai yi aiki, wata goma ƙarfe na kwance yana tsatsa.

Akwai abin da ba ta yi, kuma gara a sani tun kafin a ƙirga kuɗi. Ba ta dashe. Ba ta cirar ciyawa tsakanin albasa. Fangali ma, bayan ta wuce, hannu ne zai ja bakinsa. Kada ka ga inji ya buɗe maka hekta biyu cikin kwana biyu ka manta cewa masu dashen nan, mata da yara da ƴan ƙwadago, adadinsu bai ƙaru ba, rijiyarka ma ba ta ƙara ruwa ba. Da yawa sun faɗaɗa fili, ruwa ya yanke musu ana tsakiyar ƙwai.

Sai fako. Masu saurarenmu na Illela da Badagishiri sun san abin da nake nufi, tudun nan mai tsakuwa da ruwa ke gudu a kansa bai shiga. Ƙaramar tarakta ba ta da abin cewa a nan. Aikin Keita, da aka fara a 1984 da taimakon Italiya, manyan injuna ya sa suka fasa fako, tare da hannun dubban mutane, akasarinsu mata. Garmar nan ta Vallerani mai haƙa rabin wata, tarakta mai sama da doki 150 ke jan ta. Abin da ya raya fakon Illela kuwa ba inji ba ne ma: tassa ce, wato ramukan shuka, bayan da wasu manoman yankin suka je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka ga yadda ake gyara ramukan ana zuba taki, suka dawo suka yi, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya.

Jigawa kuma matsalarta daban. A nan ba ƙarfi ne ya gaza ba, ɓarna ce ke yawa. Rairayi ba ya son a niƙe shi. Ka bi gonar hatsi da wuƙaƙe masu juyawa ana gab da damina, iskar farkon ruwa ta taso, sai ka ga albarkar gonarka ta tashi sama ta sauka gonar wani. Ba don wasa aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya a 1975 ba, don tare wannan iskar ne. Ga kuma ƴan itatuwan da muka koyi bari a gona, gawo da kalgo da sabara, waɗanda direban da ake biya da hekta ba ya son gani, don suna rage masa gudu. In za a sa inji a jigawa, a sa masa haƙori mai tsaga layin shuka kawai, ko ƴar garmar huɗa, a bar sauran ƙasa ta zauna.

Yanzu mu zo kan ƙarko. Injin gazwal mai fistan ɗaya yana cikin injuna mafi sauƙi da aka taɓa ƙerawa, kuma ba ya mutuwa haka kawai. Kashe shi ake yi, kuma makasan nasa sanannu ne.

Babbansu ƙura. Lokacin da muke kaftu shi ne lokacin hunturu da hazo, injin kuma yana tafe cikin ƙurar da shi kansa ya tayar. Duk ƙurar da ta wuce matatar iska ta shiga ciki, sai ta gauraya da baƙin mai ta riƙa cin ringi da hannun riga. Alamar ita ce inji ya fara wuyar tashi da safe, ya fara shan baƙin mai, hayaƙi ya koma shuɗi. Sai a ce ai kayan Sin ne, ba su da aminci. Alhali ƴar tasar man da ke ƙarƙashin matatar, wadda littafin injin ya ce a duba kullum in ana aiki cikin ƙura, tun da aka saya ba a taɓa kwance ta ba. Aikin minti biyar ne, kuma shi ke raba injin da zai shekara biyu da wanda zai shekara goma.

Na biyu mai. Mu mutanen bakin iyaka mun saba da man kwalba na ƴan ruwa-ruwa, kuma ba cewa nake duka gurɓatacce ba ne. Amma famfon gazwal da nozul ba su yafe ɗigon ruwa ko ƙwayar rairayi. A sayi gazwal a bar shi ya kwana a jarka ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, kada a juye na gindin. Baƙin mai kuma ba a auna shi da ido ko da yatsa. Awa ake ƙirgawa: juyen farko bayan awa 50, daga nan galibi duk awa 100. Wanda ba ya rubuta awannin aikinsa, ta yaya zai san lokaci ya yi?

Sai ruwa. Yawancin waɗannan injuna tukunyar ruwa ce buɗaɗɗiya a kansu, ruwan na tafasa yana ƙonewa, dole a riƙa ƙarawa. A Afrilu da Mayu, zafin Ƙonni na haura digiri 40. Yaro ya bar tukunya ta ƙafe, ya firgita ya kwara ruwan sanyi kan ƙarfe mai zafi, kan inji ya tsage. Ko kuma a riƙa ɗibar ruwan magudana mai laka ana zubawa har hanyoyin ciki su toshe.

Duk wannan yana hannun mai inji. Abin da ba ya hannunsa shi ne kayan gyara, kuma nan ne nake ganin hukunci yake. Kubota inji ne mai kyau, ba mai musu. Amma tsohuwar Kubota da aka yi don gonakin shinkafar Japan, ta zo gwanjo babu littafi, in famfonta ya lalace ranar da irinka ya isa dashe, kyanta bai amfane ka da komai ba. Injin Sin da ake rainawa, danginsa ne ke juya injin niƙa a garuruwanmu, bakaniken unguwa ya san cikinsa, ringinsa da nozul ɗinsa ana samu a kasuwa. A wurina inji mai ƙarko shi ne wanda in ya tsaya da safe zai tashi kafin la'asar. Kuma mun ga yadda hanyar kaya ke yankewa: Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe tsakaninmu daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Wanda duk abin da ya karye sai ya tsallaka Illelar Najeriya ko ya aika Sakkwato ko Kano, ya ɗanɗana kuɗarsa a waɗannan watanni.

Ƙasashen da ƙananan injuna suka zauna da gindinsu, ta wannan hanya suka bi. A Bangaladash, bayan ambaliyar 1988 ta halaka shanun noma masu yawa, gwamnati ta sassauta dokokin shigo da ƙananan injunan Sin. Yau mafi yawan ƙasar nomansu masu taya biyu ke kafce ta. Ba kowane manomi ya mallaka ba. Ƙalilan ne suka saya suna yi wa saura aiki ana biyansu, kowane ƙauye kuma da bakanikensa da mai shagon kayan gyara. Kusa da mu, a Niyono ta Mali, ƙungiyar maƙera ta SOCAFON na haɗa motokultar da kayan aikinta don manoman shinkafa, ana sayo injin daga waje, sauran ƙarfen a ƙera a gida. Mu ma muna da ACREMA a Tawa, wadda ta daɗe tana ƙera amalanke da garmar shanu, muna da maƙera da masu walda a Ƙonni da Galmi da Madawa. Wuƙaƙe, tirela, tayar ƙarfe ta shiga laka, babu wanda ya fi ƙarfinsu in an koya musu aka kuma ba su aikin.

Ga wani lissafi da nake so kowane mai niyyar saye ya yi da kansa. Kana da rabin hekta, kana nomanta sau biyu a shekara. Aikin kaftunka duka bai wuce awa 10 zuwa 15 ba. Injin da zai yi awa 15 a shekara ba zai taɓa mai da kuɗinsa ba, ko da kyauta aka ba ka gazwal. Sai ya yi ɗaruruwan awanni, a gonakin mutane da kan hanya. Ma'ana, sayen tarakta shiga sana'a ce, ba ƙarin kayan gona ba. In ba ka da lokacin wannan sana'a, ko ɗa ko ƙane amintacce da zai riƙe ta, haya ta fi maka. A Najeriya ma kamfanin Hello Tractor, da aka kafa a 2014, da sayar da ƙananan masu taya biyu ya fara, daga baya ya koma haɗa masu tarakta da manoma masu neman haya ta wayar hannu. Kuma don Allah kada a sayar da shanun huɗa don a cika kuɗin inji. Sa yana ba ka taki, yana cin harawar gonarka, in ya tsufa ka turke shi ka sayar da riba. Inji daga ranar da ya baro shago darajarsa ke raguwa.

Ƙungiyoyin manoma kuma, ku yi haƙuri da ni. Mun sha ganin tarakta ta zo da biki da jawabi, bayan damina biyu tana bayan ofis kaji na ƙwai ƙarƙashinta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: direba goma, mai gyara babu, kuɗin haya an ci biki da su, ranar da taya ta fashe kowa ya kalli ɗan'uwansa. In ƙungiya za ta riƙe inji, direba ɗaya, littafi ɗaya na awanni da mai, asusun gyara daban wanda shugaba ma ba ya taɓawa, kuma kowa ya biya haya, har shi shugaban. Masu rabon kayan noma, na gwamnati da na ƙungiyoyin agaji, ku ma a daina kawo iri biyar daga ƙasa biyar cikin gunduma ɗaya. A tsaya kan iri ɗaya ko biyu, a horar da kanikawa kafin injin ya iso, a tanadi kayan gyaransa a Ƙonni da Malbaza.

Kalma ɗaya kan rai, don ya fi albasa tsada. Bel da babbar tayar injin nan a fili suke juyawa. Babbar riga, rawani, gyale, in suka kama ba sa saki. Kada a ja da baya wuƙaƙe na juyawa, ƙafar direba ce a gabansu. Kada a ɗora yara kan murfin taya. Hanyar kwalta da ta ratsa Tsarnawa da Malbaza da Galmi ta manyan motoci ce masu lodin siminti da albasa. Tirela mara fitila bayan magariba a kan wannan hanya ganganci ne.

Kai kuma da ka riga ka yanke shawarar saye, Alhaji, kada ka tafi kai kaɗai. Tafi da bakaniken da zai riƙa gyara maka, ya ce ya san injin. A gwada ta a garkarka, cikin ƙasarka, ba a filin mai shago ba. Ranar da ka biya kuɗinta, ka haɗa da bel, da matatar mai, da nozul, da wuƙaƙe na ajiya. In mai sayarwa ya ƙi a gwada, ko ya ce kayan gyaran sai an aiko daga waje, mai da kuɗinka aljihu ka ci gaba da haya.

 Allah Ya ba mu rani mai albarka.